Katangar Odell

Mai sharar filin wasa ne ya tsinci Harlan Teague, babban kocin ƙwallon Amurka na kwalejin Yarnell, kwance a gindin matakalar bayan ɗakin canza kaya, kansa a fashe, yana numfashi da ƙyar. Asabar ce da la'asar, ba a daɗe da yi mana dukan kawo wuƙa a filinmu ba. Kafin motar asibiti ta fice, garin Yarnell kaf ya yanke hukunci: Odell Grissom ne.

Halinmu ke nan, tir da shi. Odell shi ne kocin 'yan katanga, ƙartin nan biyar da ke tsayawa a gaba su tare abokan karawa don mai jifa ya sami sararin jefa ƙwallo. In an ci wasa, mai jifa ake ɗauka a kafaɗa. In aka kayar da shi, sai a tuna akwai wani wai shi Odell. Ranar kuwa an yi ta shimfiɗe mai jifa kamar tabarma, har Teague ya juyo a bainar jama'a ya ce wa Odell katangarsa ta zana ce. Washegari kwaleji ta dakatar da Odell. Kowa ya san in aka gurfanar da shi, ba makarantar da za ta sake ɗaukarsa ko da gadi ne.

Sajan Loretta Bynum ta 'yan sanda aka ba binciken. Ta fara da asibiti. Teague bai farfaɗo ba, amma likita ya buɗe mata ƙirjinsa: shati ɗaya dogo a gicciye, ya yi baƙi, a tsakiyarsa usur ɗin ƙarfen da yake ratayawa ya lotse ya fasa fata.

"Kamar an zabga masa sanda," in ji likita.

Ta birkice bayan filin nan, ba sanda ba dalilinta.

A gidan Odell ta tarar da matarsa Vernice tana fito da kwalaye daga gareji. Jihohi bakwai suka zaga a bin wannan aiki, kuma ba ta taɓa zubar da kwali ko ɗaya ba.

"Koci, ina kake bayan wasa?" Loretta ta tambaya.

"Cikin motata."

"Da wa?"

"Da takaicina."

"Teague ya ci mutuncinka a gaban dubban mutane."

"Ya saba, na saba. Da zagi ke sa in ture mutum, Sajan, da na ƙarar da manyan kocin jihar nan."

Vernice ta dire kwali. "Ki rubuta abin da za ki rubuta, 'yar nan. A wannan garin na shuka bishiyar farko a rayuwar aurena. Ga ta can, ko tsayina ba ta kai ba."

Loretta ta fita rai a ɓace, don Odell ba shi da shaida.

Ran Litinin da safe ta je filin atisaye neman Demarion Pettway, ƙaton da Teague ya cire daga wasa ana tsakiyar yi. Nasa bai ɗauki lokaci ba: lokacin da abin ya faru yana ɗakin jinya ƙafarsa cikin ƙanƙara, ma'aikata biyu sun tabbatar. Ta juya za ta tafi sai ta tsaya kallon 'yan katanga suna dukan buhunan atisaye. Duk wanda ya zo, tafin hannu biyu yake kaiwa, gwiwoyin hannu a matse da haƙarƙari. Kowane buhu shatin tafi biyu ne a jikinsa.

"In ranka ya ɓaci fa?" ta tambayi Demarion. "Ba ka kai dantse?"

Ya yi dariya. "Dantse? Anti, Koci Odell ya ga ka kai dantse, sai ka zaga filin nan har ka amayar da abincin Kirsimetin bara. Ko a mafarki tafi nake kaiwa. Shi ma haka ya taso. Dantse ai na su kaka ne."

Nan ta tuna mahaifinta, wanda ya yi katanga a zamanin da doka ta hana miƙa hannu. Dunƙule hannu suke yi a ƙirji, su buɗe gwiwoyi, su kai wa mutum dantse. Har ya mutu, ƙofar da ta ƙi buɗuwa da dantse yake buga ta.

Duk Litinin masu tallafa wa ƙungiya suna taruwa cin abincin rana a zauren bayan majami'a, su ci soyayyar tarwaɗa, su koya wa koci aikinsa. Shugabansu Hoyt Lassiter ne, mai gonakin kifi, ɗan saba'in da ɗoriya, wanda sunansa ke rubuce a ƙofar filin wasa. Rana na ƙuna, kowa da gajeren hannu, shi kaɗai ya ɓalle maɓallin riga har wuyan hannu.

"A'a, 'yar Bynum!" in ji shi. "Zauna ki ci kifi. Kin kama ɗan iskan?"

"Saura kaɗan, Baba Hoyt. Kai ma an ganka ka sauka wajen 'yan wasa ran Asabar."

"Ni na gina wurin, sai na nemi izini?"

"Wai me ke damun katangarmu ne? Ni ban gane ba."

Kai, kamar ta sosa masa inda ke ƙaiƙayi! Ya ture faranti. "Tafa-tafa! Abin da Odell ke koya musu ke nan, tafa-tafa kamar 'yan mata a dandali. A zamaninmu da ubanki, in ka kai wa mutum bugu ɗaya sai an kira uwarsa."

"Yaya kuke yi?"

Tsofaffin suka fara dariya, don ba wanda Hoyt bai gwada wa wannan bugun ba, har fasto. Ya miƙe, ya dunƙule hannu a ƙirji, ya buɗe gwiwa, ya kai wa ginshiƙin zauren dantsen dama. Sai ya saki ƙara ya dafe hannun.

"Naɗe hannun rigar, Baba," in ji Loretta.

"Ke, kin san da wa kike magana?"

"Na sani sarai. Naɗe."

Dantsen ya kumbura suntum. A tsakiyarsa ga rauni, zagaye da ɗan baki, siffar usur sak.

"Ba sanda aka buga wa Koci Teague ba," ta ce, tana duban zauren. "Da Odell ne ko yaransa, tafi biyu za a gani a ƙirjinsa. Shati ɗaya a gicciye bugun mutanen da ne. Su nawa suka rage a garin nan masu ƙarfin kai shi? Cikinsu wa ke shiga bayan ɗakin canza kaya ba mai tambayarsa?"

Hoyt bai ma yi musu ba, tsabar girman kai. "Ce masa na yi ya kori Odell a ranar. Ya dube ni ya ce wai ba shi da kocin da ya kai Odell, yaran ne ƙanana, a ba su shekara. Ni zai ce wa in fita masa daga fili? Ture shi kawai na yi!"

Waɗanda suka kwana biyu suna tsine wa Odell suka sunkuya suna tsince ƙayar kifi.

An kai Hoyt kotu, an mai da Odell bakin aiki ba tare da ko sannu ba. Teague ya farfaɗo, amma harshensa ya yi nauyi, ƙafa ɗaya ta ƙi, aikin koci ya ƙare masa. Odell ne ke zuwa duk yamma yana tura shi a keken guragu.

Da kakar wasa ta ƙare, kwaleji ta ɗauko sabon babban koci. Sabon koci kuwa da mutanensa yake zuwa, haka al'adar take, ba mai ganin laifinta. Abin da Hoyt ya nema da dantse, sai ga shi an yi masa a ruwan sanyi: an sallami Odell.

Loretta ta je ranar tashinsu. Odell yana loda kwalaye a mota. Vernice tana durƙushe a tsakar gida da shebur, tana haƙa kewayen bishiyarta.

"Ba za ta yi rai a hanya ba, Mama," in ji Loretta.

"Na sani," in ji Vernice. "Amma wallahi ba zan bar wa garin nan inuwarta ba. Miƙo min kwalin can."