Amsar Lamba Ta 417

Magariba ta kawo jiki a Kakuri, masu keke napep sun fara kunna fitilu, hayaƙin murhun Mama Peace ya kwanta a tsakar gidan hayar da take zaune tare da iyalin Malam Garba. Maimuna, 'yar Malam Garba, tana kan tabarma da kwamfuta a cinya, kamar kullum tun da ta fara binciken digirinta na biyu a kan tsofaffin ma'aikatan masaƙar da aka rufe. Tambayoyi ashirin ta tsara a fom na intanet, ta watsa shi a wayoyin mutane, malaminta kuma ya ce in amsa ba ta kai ɗari biyu ba kada ma ta tako masa ofis. Wata uku tana roƙo, amsa ta tsaya cak a ɗari da arba'in da uku. Yo ina tsohon masaƙi zai ga babbar waya, balle data? Saura kwana tara a rufe karɓar aiki.

Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne, ranar Lahadi Maimuna ta buɗe akwatin mahaifinta, wanda shi ma tsohon ma'aikacin masaƙar ne, ta ɗauko tsohon littafin ƙungiyar ma'aikata. Fom ɗin yana neman lambar aikin mutum don kada ya amsa sau biyu, littafin kuwa cike yake da lambobi. Ta zauna ta cike hamsin da bakwai da hannunta, tana danna amsa yadda yatsa ya faɗa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, amma fa ta yi.

Ana cikin kiran salla dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Mama Peace ta leƙa waje tana zagin yaran unguwa, ba ta ga kowa ba. Na biyu ya faɗo, ya gangaro, ya tsaya a gaban tabarmar. Ba dutse ba ne, kwarkwaron zare ne na katako, irin na injin saƙa, da sauran shuɗin zare a jikinsa. Malam Garba ya ɗauka ya juya shi, ya ƙura masa ido, don rabonsa da ganin irinsa tun ranar da aka garƙame ƙofar masaƙa. A daidai lokacin kwamfutar ta yi ƙara, sabuwar amsa ta shigo da lambar aikin wani ma'aikaci. Lamba ta 417. Ko'ina fayau, sai akwatin ƙarshe na ƙarin bayani, inda aka rubuta: ba shi ya faɗa ba.

Haka aka yi kwana uku, kullum da faɗuwar rana. Jifa a kan kwano, ƙugin injuna daga ɗakin da ba komai sai katifa da littattafai, sannan amsar nan guda. Maimuna ta daina ci. Ta rufe fom ɗin, amsar ba ta fasa zuwa ba. A rana ta huɗu aka same ta tsaye a tsakar gida, idanu a kafe, tana magana da wata murya mai kauri wadda ba tata ba.

"Na yarda ƙwarai. Na yarda. Ban sani ba. Ban yarda ba."

Haka take ta maimaita zaɓin amsoshin fom ɗin, tana jan hannuwa kamar mai tare zare. Mama Peace ta rungume ta tana kiran sunan Yesu, Malam Garba yana salati, ƙarti uku suka kasa zaunar da ita. Wallahi abin tausayi, tsoho ya durƙusa a ƙasa yana cewa a ɗauke shi a bar masa yarinyar, ita kaɗai gare shi.

Washegari bayan la'asar aka zo da Malam Isiyaku mai ruƙiyya daga Makera, dattijo marar yawan magana. Ya sa aka zaunar da ita, ya yi ta karatu a hankali har inuwa ta cinye tsakar gidan. Can Maimuna ta yi wata ƙara, kanta ya sunkuya, muryar ta fito.

"Isa haka, Malam. Ban zo faɗa da kai ba."

"Wane ne kai, kuma me ka zo nema a jikin baiwar Allah?"

"A sashen rini nake zaune tun kafin a kafa injin farko. Dubban mutane sun shiga sun fita, mutum ɗaya ne yake tsayawa a bakin ƙofa kowace safiya ya ce, sannunku da kwana, na fili da na ɓoye. Shekari. Lamba ta 417."

Mama Peace ta saki salati irin nata, ta zauna daɓas. Shekari mijinta ne, shekara goma sha ɗaya da rasuwa.

"Ina kallo aka rufe masaƙa," in ji muryar. "Ina kallo ya koma tura baro a kasuwa da tari a ƙirji, har tarin ya kai shi ƙasa. Sai ga wannan ta rubuta da lambarsa, wai rufe masaƙar bai taɓa lafiyarsa ba. Na yarda ƙwarai, in ji shi! Za a buga a littafi, a ajiye, a ce Shekari ne ya faɗa. Ba zan fita ba sai na ɗauki harshenta, yadda ta ɗauki nasa."

Malam Isiyaku bai ɗaga murya ba. Ya ce zalunci ba ya gyara zalunci, kuma harshenta ba zai goge abin da ke rubuce ba. Ya sa aka kawo kwamfutar, aka karanta masa shafin farko na fom ɗin, inda Maimuna da kanta ta rubuta cewa duk wanda ya amsa yana da ikon janye amsarsa. "To ka ji," ya ce. "A janye ta Shekari, ka tafi."

"Duka hamsin da bakwai. Talatin daga ciki suna kabari." Sannan muryar ta ƙara a hankali. "Ɗaya kuma ga shi nan durƙushe. Lamba ta 418. Ko tambayarsa ba ta yi ba."

Malam Garba ya ɗago kai ya dubi 'yarsa.

"Sakar mata hannun dama da hankalinta," in ji Malam Isiyaku. "Da kanta za ta goge, ko ta ƙi."

Idanun Maimuna suka dawo. Ta dubi allon, ɗari biyu cif, ta san abin da gogewar take nufi: aikin bana ya tafi, sai ta sake shekara, in ma an bar ta. Ta fashe da kuka, ta ce, "Baba, ka yafe mini. Mama, ki yafe mini." Sannan ta fara gogewa ɗaya bayan ɗaya, har lissafi ya koma ɗari da arba'in da uku. Wata iska mai warin rini ta ratsa tsakar gidan ta fice ta zaure, Maimuna ta sulale a cinyar Mama Peace tana numfashi. Ranar ba a yi jifa ba.

Da safe Malam Garba ya fito da kujerarsa ya ajiye a gaban tabarmar, ya zaro 'yar wayarsa mai tocila ya ɗora a gefe.

"Wannan ba ta buɗe fom ɗinki," ya ce. "Amma bakina yana buɗewa. Rubuta 418, ki karanto mini."

Ta karanta har ta zo tambaya ta tara. "Rufe masaƙar bai taɓa lafiyata ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin Mama Peace, inda baron Shekari yake jingine har yau.

"Ban yarda ba," ya ce. "Akwai wadda ta fi wannan ƙarfi?"

"Akwai, Baba. Ban yarda ba sam."

"Ita za ki danna."