Dokin Itacen Tabawa

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Wanda ya san shi matsoraci ne ya tashi tun yanzu, kada gobe a ce ni na sa shi fitsarin kwance.

Kun san kakarmu Iya Tabawa. To, ubanta masassaƙi ne, sunansa Sallau. Turmi, akushi, kujerar tsugunno, babu abin da hannunsa bai iya ba. Matsalarsa ɗaya, taurin kai.

Tabawa ta shekara biyu tana jan gindi, har mutane sun fara magana ƙasa-ƙasa. Ranar da ta miƙe ta yi taku uku, Sallau ya kusa kuka don murna. Ya ce zai sassaƙa mata doki mai taya huɗu da igiya, ta riƙa ja tana yawo, ƙafa ta yi ƙwari.

Masassaƙan garinmu suna da al'ada. Ba a saran bishiya haka kawai. Za ka yi sallama, ka ƙwanƙwasa gindinta sau uku da ƙotar gatari, ka tafi sai washegari. Wannan kwana ɗayan na masu gidan ne, wato iskokin da ke zaune a bishiyar, su kwashe 'ya'yansu. Sallau ya san haka sarai, amma ɗoki ya ɗebe shi. Rana tsaka ya isa kanyar nan ta bayan rafi, ya ce reshe ɗaya ai ba bishiya ba ce. Ya hau, ya sara.

Reshen ya faɗo. Ya ji ƙara siririya, kamar ta ɗan akuya. Ya duba, babu akuya.

A hanyar komawa ya gamu da wata mata da goyo. Ƙafar yaron guda tana reto, ta juya baya. Rairayi ne a wurin, amma matar ba ta bar sawu ba.

"Sannu da aiki, masassaƙi."

Sai da bakinta ya rufe sannan muryar ta iso.

"Yawwa, sannu."

"Ka yi sallama?"

"Reshe ɗaya ne, baiwar Allah."

"A kansa nawa yake barci. Jiya ya fara tafiya." Ta dubi itacen da ke kafaɗarsa. "Na ji taka ma ta fara."

Ya waiwaya, hanya wayam.

Da mai hankali ne, nan zai yar da itacen ya ruga wurin malam. Sallau ya kai shi gida. Wannan wurin ne yake ba ni haushi duk lokacin da na tuna. Kwana biyu yana fama da gizago. Ya fitar da kai da wuya, ya yanka tayoyi, ya huda su da ƙusa mai zafi, ya goge da man gyaɗa har yana ƙyalli. Ya ɗaura igiyar rama. Doki ya yi kyau, ba ƙarya.

Tabawa ta kama igiya tana dariya, ƙiiƙi-ƙiiƙi a tsakar gida. Uwarta Dije ce ta fara lura.

"Malam, dubi dokin nan."

"Me ya yi?"

"Shi ne a gaba."

Haka ne kuwa. Igiya a miƙe, doki a gaba, yarinya a baya tana tangaɗi. Ranar farko ya tsaya a bakin rijiya. Ta biyu ya kai ta zaure.

Sallau ya fizge shi, ya ɗaga gizago, ya kai wa ƙafar dokin sara. Tabawa ta faɗi tana tsala ihu, ta riƙe tata ƙafar. Ya yar da gizagon. Ba dama ya sare, ba dama ya ƙona. Ya kulle shi a akwati, ya rataya mabuɗin a wuya.

Rana ta uku, rana tsaka, Dije ta shiga ɗauko tsaki. Ta fito, babu yarinya. Akwati a kulle, babu doki. A ƙasa ga layi biyu na taya, ga 'yan sawaye a baya, sun miƙe zuwa rafi.

Sallau ya ruga ko takalmi babu. A gindin kanya ya tarar da matar zaune, ta ɗora ƙafar Tabawa a cinyarta tana shafawa a hankali.

"Karya tawa," in ji shi. "Ni na sara."

"Taka ta yi yawon shekara arba'in. Tasa kwana ɗaya ta yi."

Ya durƙusa. Mutumin da bai taɓa ba kowa haƙuri ba, ya sa goshi a ƙasa.

"Zan sassaƙa masa keke. Ya zauna a ja shi, ya ga ko'ina."

Ta daɗe tana kallonsa, hannunta bai bar ƙafar ba.

"Kai za ka ja. Kullum rana tsaka, daga nan zuwa rafi, ka dawo. Har ya warke."

"Yaushe zai warke?"

"Namu ba sa sauri kamar naku. Ranar da aka fasa, zan zo in karɓi wannan ƙafar."

Ta saki yarinyar.

Wannan karon da ya je saran itace ya yi sallama, ya ƙwanƙwasa, ya jira kwanansa ɗaya. Ya sassaƙa keken. Shekara talatin da ɗaya mutane suna ganinsa yana jan keken da babu kowa a kai, da damina da rani, da zazzaɓi da azumi. Suka ce ya haukace. Amma duk shekara tayoyin ƙara nutsewa suke a rairayi, don yaro yana girma. Tabawa kuwa ta yi tafiyarta lafiya lau, har ta haifi iyayenmu.

Aka binne Sallau da safe. Rana na yin tsaka, aka ji ƙiiƙi a ƙofar gidan Tabawa. Ga keke, an shimfiɗa igiyarsa a bakin zaure.

Ke Rakiya, rufe bakinki. Ina kike zaton babanki yake zuwa kullum kafin azahar, ya ce zai duba gona, gonar da aka girbe tun tuni? Shi ya gaji igiyar. Kada wanda ya bi hanyar kanyar nan shi kaɗai. In kuma kun ji ƙarar taya a bayanku, ku kauce ku ba shi hanya, kada ku tsai da shi da gaisuwa. Ƙafafun Iya Tabawa yake ja.