Dutsen Kabarin Wilfred Mai Burodi

"Hannunki rawa yake, Inna Maud, kowa a garin nan ya sani. Ki ce kin fasa dutsen kin ɓoye, mu huta."

"Clive, hannun nan mai rawa shi ya share maka majina kana yaro. Rufe min baki."

A kan haka Sufeto Garside ya same su, Saje Pickles na biye da shi yana tauna sauran dankalin abincin rana. Maud Thackray ce mai sassaƙa haruffa a kan dutse a garinmu, shekara arba'in ke nan tana wannan sana'a. Bara ɓarin jikinta ya shanye, kuma wannan ne aikin farko da ta karɓa tun da ta miƙe: dutsen kabarin Wilfred Ollerton mai burodi, uban Clive. Ranar Lahadi za a kafa shi a harabar coci. In babu dutse, Clive ya rantse zai kai aikin wa masu inji, gari kuma ya ce Maud ta ƙare.

"Yaushe ya ɓace?" in ji Sufeto.

"Na je shan shayi da tsakar rana, Yallaɓai. Na dawo na tarar da teburi wayam, da wannan a tsaye yana huci."

"Kin fara sassaƙa?"

"Ban sa ƙarfe ba tukuna. Zane kawai na gama."

Ta nuna masa fensir biyu ɗaure da roba. Da su take jan harafi, layi biyu su fito tare, inda kauri da inda siranta. Sannan ta bi kan dutsen da fensir mai taushi, baƙi wuluk. Ta zana harafi ɗaya a guntun dutse, ta kama yatsan Sufeto ta goga. Yatsan ya yi baƙi, har da sheƙi.

"Ko numfashi mai ƙarfi ba ya so," in ji ta. "Shi ya sa nake rufe shi da zane."

"Me ke rubuce?"

"Wilfred da bakinsa ya faɗa mini a gadon asibiti, ya ce kada kowa ya gani sai an sassaƙa. Ba na karya alkawarin mamaci."

"Ni ma ban taɓa gani ba," Clive ya yi saurin cewa. "Ku tambayi ƙanwata Brenda. Ta san sunanta ba zai hau dutsen nan ba, haushi ne."

Sufeto ya duba ƙasa. Baro na nan a jingine, ƙura ba ta nuna an ja komai ba, ƙofar baya a buɗe. Rungumar dutsen aka yi aka fita da shi. Ya ce wa Clive ya zauna ya jira, Saje ya taya shi hira.

Brenda, in ba ku sani ba, ta bar garin nan da daɗewa bayan ta gaya wa ubanta a gaban masu saye cewa gara ta mutu da ta gaji murhun burodi. Jana'iza ce ta dawo da ita, kuma a masaukin baƙi ta sauka, don Clive bai ba ta ko kujera ba. Can Sufeto ya je ya same ta.

"Kin je shagon Maud yau?"

"Ban je ba."

Ƙarya ce, kuma Sufeto ya riga ya sani, domin wata baiwar Allah mai taga a tsallaken titi, ba sai na kama suna ba, ta tare shi a hanya ta ba shi labari kyauta.

"An gan ki da safe a bakin ƙofa."

Brenda ta sunkuyar da kai. "Na tsaya, ban shiga ba. Na so in ga ko Baba ya yafe mini. Sai na ji tsoron amsar."

Sufeto ya dubi hannayenta da farar rigarta. Fes. Ya ce ta biyo shi.

Sun koma shago rana ta ƙwalle, irin wadda muke samu sau uku a shekara. Saje ya cire hula yana fifita. Clive kuwa yana zaune cikin rigar ruwa, maɓalli har wuya, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Zazzaɓi kake yi, Mista Ollerton?"

"An ce za a yi ruwa."

"A cikin shago? Cire ta ka sha iska."

"Haka nake so."

"Saje, taimaka masa."

Rigar ta buɗe. A ciki farar suwaita ce, wadda yake taƙama da ita ranar wasan ƙwallo, ƙirjinta duk baƙin fensir. Wasu haruffan sun dame, wasu sun fito raɗau, amma a juye.

Sufeto ya sauko da madubin da ke kan wurin wanke hannu, ya riƙe a gaban cikin Clive, wanda Allah ya hore masa faɗi kamar allon makaranta.

"Karanta mana, Malama Brenda."

Ta matso. Bakinta ya motsa kafin murya ta fito. "Uban Clive... da Brenda."

Ta zauna a ƙasa, cikin ƙurar dutse, da farar rigarta.

Clive bai ƙara musu ba. Ya ce ya shigo ta baya don ya leƙa, ya ɗaga zanen, ya ga sunan. "Ni na kwana a gaban murhu, ni na ɗauki Baba zuwa asibiti. Ita ta zo da jaka ɗaya a raba mana dutse?" Ya rungume shi ya kai but ɗin motarsa, da nufin masu inji su rubuta sunansa shi kaɗai. Yana ganin ƙirjinsa ya zura rigar ruwa, ya dawo rufe ƙofa, sai ga Maud. Sai ya fara masifa don kare kansa.

Saje ya shigo da dutsen, a miƙe a kan hannu kamar faranti. Rabin zanen ya goge.

"Ya lalace ke nan, Inna?" in ji Brenda.

"Fensir ne, 'yata. Ana gogewa a sake. Wanda ƙarfe ya ci shi ne ba ya fita." Maud ta ɗauki fensiranta biyu. "Zo ki riƙe mini ma'auni. Kafin Lahadi za mu gama."

Ta ja harafin farko, duk muna kallo. Na ce muna, to, ƙofa a buɗe take. Hannun bai yi rawa ba.

"Mu je ofis, Mista Ollerton," in ji Sufeto. "Sata, da ƙage."

"Clive," in ji Maud, ba ta ko ɗago ba, "sunanka ne a gaba, haka ubanka ya ce. Suwaitar kuma ka jiƙa ta da ruwan sanyi."

Clive ya fizge hannunsa daga na Saje, ya yi gaba da kansa, ya maka ƙofa har madubin da aka mayar bango ya girgiza.