Takarda ta Goma Sha Biyu

Ranar wata Talata ce a shekarar 1953, da kaka, ruwa ya fara ja da baya a fadama, ƙamshin banda ya cika garin Nguru. Sufeto Babayo yana zaune a caji ofis yana fifita da hularsa, sai ga mutum biyu sun shigo, ɗaya riƙe da hannun rigar ɗayan.

Mai riƙon shi ne Alhaji Nagoggo, attajirin kifi, jikan Kanawa, kuma ɗan kwamitin ilimi na gunduma. Wanda aka riƙe kuwa siriri ne mai tabarau ɗaure da zare, Malam Dunoma, hedimastan elemantaren Tudun Kada, wani ɗan ƙauyen masunta can bayan Dagona.

"Yallaɓai, ga shi nan," in ji Alhaji. "Jakar jarrabawar yara aka ba shi amana, wai ta ɓace."

To, wannan jaka ba ƙaramar jaka ba ce. Gundumar makarantu uku take da su, kuɗin En'e kuwa biyu kaɗai zai iya riƙewa. Kwamiti ya yanke cewa duk makarantar da ba ta kai yaro ko ɗaya makarantar Midil ba a bana, rufe ta za a yi. Takardun yaran Tudun Kada goma sha biyu suna cikin jakar, an liƙe ta da jan kaki, kuma dole su bi jirgin ƙasa na ranar Alhamis zuwa wurin masu maki. In jirgi ya tashi babu su, makaranta ta mutu.

"Ina ka ajiye ta, Malam?"

"Ƙarƙashin kujerar gaba, ranka ya daɗe. A motar En'e muka taho, ni da Alhaji da direba."

"Ya san yaransa ba abin da suka rubuta," Alhaji ya katse shi. "Gara a ce sata aka yi da a ce faɗuwa suka yi. Ni fa ɗana Abbo yana cikinsu, abin ya fi ƙona ni."

Sufeto ya dubi Malam Dunoma, yana jiran ya yi musu. Malam ya buɗe baki, ya dubi Alhaji, ya mayar ya rufe. Wannan shirun bai yi wa Sufeto daɗi ba. Ya sa aka kai shi bayan kanta.

Direban, Kyari, yana bakin tasha yana zuba wa mota ruwa.

"Ina da ina kuka tsaya?"

"Ba mu tsaya ko'ina ba, Yallaɓai. Daga bakin fadama sai tasha."

"Me ka ɗauko a baya?"

"Bencin makaranta guda biyu, na gyara."

Sufeto ya hau bayan motar, ya shafa katako da yatsa, ya shinshina, ya miƙa wa Kyari yatsan daidai hanci.

"Bencin naku tarwaɗa ce?"

Kyari ya sosa ƙeya. An hana ɗaukar kayan 'yan kasuwa a motar En'e, shi ya sa ya yi ƙarya. Kwandon banda ashirin ya ɗauko wa Alhaji, suka tsaya a sitonsa na bayan kasuwa aka sauke.

"A lokacin ina Malam yake?"

"Azahar ta yi, muka tafi masallaci ni da shi."

"Alhaji fa?"

"Ya ce mu je, zai tsaya a kan kayansa, ya yi tasa daga baya."

Washegari da hantsi, Malam Babakura, ladanin ɗan masallacin da ke kusa da sitocin kifi, ya shigo caji ofis rungume da wani abu a cikin rawaninsa. Yana shara ya hango abin, an cusa shi can sama tsakanin azara da jinka. Jakar ce.

An yanke kakin da wuƙa. Sufeto ya zazzage takardun a tebur, Saje Bilya yana ƙirgawa. Goma sha ɗaya. A samansu ga jerin sunaye da Malam Dunoma ya rubuta, suna goma sha biyu. Wadda babu ita ce ta Abbo Nagoggo.

"To Alhaji ya fita ke nan," in ji Saje. "Wa zai saci takardar ɗansa? Ni dai hedimastan makarantar gari nake zargi. In an rufe Tudun Kada, kuɗin wurinsa zai koma."

Sufeto yana jujjuya takardun. Kowace a samanta yaro ya rubuta Bismillah da Larabci kafin ya fara boko.

"Saje, in kai ka saci jakar nan, ga kogi ga rijiyoyi, me zai kai ka saman masallaci?"

"Sai dai in na ji tsoron wulaƙanta sunan Allah."

"Madalla. Kuma in kai malamin boko ne, ka zare takarda ɗaya, za ka bar jerin sunayen da zai tona ka?"

Saje ya girgiza kai.

"Ɓarawonmu mai tsoron Allah ne, bai iya boko ba. Amma ya iya zaɓo takarda ɗaya cikin goma sha biyu. Wannan ne ya tsaya mini."

Aka fito da Malam Dunoma. Aka gaya masa takardar da ta ɓace.

"Shi ne ya fi kowa, ranka ya daɗe. Shi kaɗai nake da tabbacin zai ci."

"Wa zai so kada ya ci?"

"Ban sani ba."

"Malam, ka sani."

"Shekarata uku kacal a makarantar nan. Yadda na tarar da rajista haka nake kira."

Ba wanda ya tambaye shi rajista. Sufeto ya ɗauki hularsa ya ce a kira Kyari ya tayar da mota.

A hanyar fita suka bi ta bakin tasha, inda aka jibge kayan da za su bi jirgin gobe. Ga kwandunan banda a jere, kowanne an rubuta masa da baƙin fenti, manya-manya, NAGOGGO. Sufeto ya daɗe yana waiwayensu.

Mota ta kai su bakin ruwa, kwalekwale ya ƙarasa da su. Makarantar Tudun Kada ɗaki biyu ce ta ƙasa, ƙararrawarta guntun ƙarfen dogo rataye a tsamiya. Ƙaramin malami ya tara yara.

"Abbo Nagoggo!" Sufeto ya kira.

Wani dogon yaro ya miƙe. Sufeto ya dube shi sama da ƙasa. Tsagar Badawa ce a fuskarsa, tafin hannunsa kuwa duk kantar igiyar koma. Wai jikan Kanawa, ɗan attajiri.

"Ina kake kwana, ɗan nan?"

"Wurin kakata."

"Mu je in gaishe ta."

Tsohuwar, Meram, tana bakin bukkarta tana ɗinkin koma. Ba ta ɗago kai ba da ta ji takunsa.

"Saleh, har an tashi? Ɗauko mini..." Sai ta ga baƙin takalma da kaki, maganar ta tsaya.

"Sannu da aiki, Kaka. Wane ne Saleh?"

"Sunan wasa ne."

"Uban yaron nan fa?"

"Alhaji."

"Alhaji ne ya yi masa tsagar nan?"

Ta ci gaba da ɗinki kamar ba ta ji ba. Sufeto ya tsuguna a gabanta, ya cire hula.

"Kaka, ba kama ki na zo yi ba. An sace takardar jarrabawar yaron nan. In ban samo ta zuwa gobe da azahar ba, wahalarsa ta shekara shida ta tafi, malaminsa ya tafi gidan yari, a rufe makaranta."

Ta ajiye allurar. Ta dubi yaron, ta daɗe.

Shekara shida da suka wuce, in ji ta, hakimi ya aiko a rubuta yaran da za a sa a boko, kuri'a ta faɗa gidan Alhaji, don a lokacin a nan yake zaune yana sayen kifi. Alhaji ya rantse ɗansa ba zai zauna a benci ba. Ya zo wurinta, ga ta da maraya, uban ya nutse a kogi. Ya ba ta kwalekwale da buhun gero, bulama na wancan lokacin ya kau da kai, aka rubuta Saleh da sunan Abbo.

"Na ɗauka sayar da shi na yi," ta ce. "Kwana nawa ina kuka. Ashe yaron son abin yake. Har lissafin kifi shi yake yi wa mutanen gari yanzu."

Sufeto ya ce ta shirya masa kaya, zai tafi da shi Nguru.

Ranar Alhamis da safe Alhaji Nagoggo yana zaune a kan buzu a cikin sito, gafakarsa ta Alƙur'ani rataye a ƙusa a bayansa. Wani saurayi mai ƙiba, fuska sumul, yana auna kifi a sikeli. Sai ga Sufeto ya shigo, da Saje da Saleh.

"Yallaɓai! An samu?"

"Goma sha ɗaya. Abbo!"

Saurayin mai sikeli ya waiwayo. Saleh da ke bayan Saje shi ma ya ce, "Na'am."

Sufeto ya juya ga Alhaji.

"Wanne ne naka, Alhaji?"

"Yaran gida ne duka, ai..."

"Karanta mini wannan." Sufeto ya miƙa masa jerin sunayen. Alhaji ya karɓa a juye. Sufeto ya gyara masa ita, ya ce, "To nuna mini sunanka."

Kafin ya ankara, yatsansa ya sauka a layi na bakwai.

"Shi kaɗai ka sani a boko, don kullum kana ganinsa a kwandunanka. Da shi ka zaɓo takardar, lokacin da suka tafi salla. Sauran ka kai saman masallaci saboda Bismillah. Wanda bai iya jefar da goma sha ɗaya ba, ba zai jefar da ɗaya ba. Saje, sauko da gafakar nan."

"Kada ka taɓa ba alwala!" Alhaji ya miƙe. Sai kuma ya tsaya. Da hannunsa ya sauko da ita, ya kwance, ya zaro takardar a ninke huɗu.

"Me ya yi maka?" in ji Sufeto.

"Ba abin da ya yi mini. Ban taɓa zaton zai yi ƙoƙari ba, na ɗauka shekara biyu zai gudu. In ya ci, ɗan doka zai tsaya a ƙofar gidana ya ce in fito da Abbo a kai shi Midil. Wanne zan fito da shi? In ba da nawa, ko baƙi ɗaya bai sani ba. In ba da wannan, kowa a Nguru ya san ba nawa ba ne. Ni da nake zama a kwamiti ina yi wa talakawa faɗan su kai 'ya'yansu makaranta."

"Shi ne ka gwammace a rufe ta, a ɗaure Malam."

Saje ya fito da ankwa. Aka bi da shi ta tsakiyar kasuwar kifi, masu banda suna miƙewa daga rumfunansu suna kallo.

Jirgi ya riga ya yi kuka na farko lokacin da Malam Dunoma, da aka sako daga bayan kanta, ya iso tasha da gudu, tabarau a hannu. Sufeto ya ce masa shirun da ya yi na shekara uku zai amsa shi a gaban kwamiti. Malam ya ce ya yarda.

Suka shimfiɗa takardar a kan wani kwandon banda. Sufeto ya haɗa ta da wasiƙar bayani, Malam ya ja layi a kan sunan da ke sama, ya miƙa wa yaron alƙalami.

"Rubuta naka."

Yaron ya riƙe alƙalamin, bai motsa ba. Shekara shida yana zuwa na ɗaya a aji, bai taɓa rubuta sunansa na gaskiya ba ko sau ɗaya.

"Yi sauri, ɗan nan," in ji Sufeto. "Jirgi ba ya jira."

Ya sunkuya, ya rubuta a hankali, baƙi bayan baƙi: Saleh.