Ruwan Baftisma Ba Sadaki Ba Ne

Tun safe Milka take yanka citta a tsakar gidansu da ke Madakiya, amma hankalinta ba ya kan wuƙar. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa ƙofa. Mahaifinta Azariya dattijo ne a ikkilisiya, kuma ya riga ya yanke magana: Chinedum, saurayinta mai sayar da kayan babur a Kafanchan, ba zai aure ta ba sai an nitsar da shi a rafi. Yayyafin da aka yi masa yana jariri a cocinsu, in ji dattijo, ba baftisma ba ce.

Da Chinedum ya iso, ta tare shi a gindin mangwaro tana roƙo. Mene ne abin wuya? Ya shiga ruwa ya fito, shi ke nan, a sa rana!

"Milka, Allah ya sani ina sonki," ya ce. "Amma fasto zai tambaye ni abin da ya kawo ni ruwan. In ce Yesu, alhali ke ce? Ban gamsu ba tukuna — ba zan yi ƙarya a gaban Ubangiji ba."

Kai, ranar Milka ta sha kuka! Ta ce taurin kansa ya fi son da yake mata. Ta daina ɗaga wayarsa, ta rame, abinci ma sai an yi da gaske. Dattijo ya hana shi taka gidan. Duk da haka, kowace Laraba sai ga Chinedum a bencin baya wurin nazarin Littafi Mai Tsarki, yana jefo tambayoyin da ke sa dattijo gumi.

Damina ta wuce a haka. Wata Lahadi Clara, yayar Milka, ta zo gida da 'ya'yanta, fuska a kumbure da kuka. Mama Afiniki, mahaifiyarsu, ta kasa haɗiye maganar. Ta tuna wa dattijo yadda mijin Clara ya faɗa rafin nan da gudu yana waƙa don a yi masa baftisma ana gab da bikinsu, tun daga ranar kuwa coci bai sake ganin ƙeyarsa ba, alkawuran da ya yi wa Clara ma duk sun bi ruwa.

Dattijo ya buɗe Littafi, ya rufe, ya yi ta zagaya gida. Washegari ya hau babur, bai tsaya ba sai shagon Chinedum.

"Ina nan kan bakana game da baftisma, za mu ci gaba da bincike tare," ya ce. "Amma na yi kuskure da na mai da ita sadaki. Wanda ya ƙi yi wa Allah ƙarya don ya sami 'yata, ba zai yi wa 'yata ƙarya ba. Turo iyayenka."

Da Milka ta ji, murna da kunya suka haɗe mata, don ita ce ta fi kowa tura shi ga ƙaryar. Ta kira shi ta nemi gafara.

'Yan mata, ku yi haƙuri da mai tsoron Allah ko da ya jinkirta muku biki. Wanda ya yaudari Allah dominku, ku ma zai yaudare ku.