Zulaikha Da Sunan Ɗan Fari

Ranar da Shafi'i ya fara ganinta, tana zaune ne a tabarma cikin ƙananan yara, budurwa guda da ita. Shi ne malamin ajin yamma na 'ya'yan fatake a Babura, waɗanda yawon iyaye ya hana su iya Hausa. Ya ce ta gaishe shi, sai ta ce "Ina kwana" da la'asar sakaliya. Yara suka kece da dariya, har da masu birgima.

Zulaikha ke nan, 'yar Malam Kaumi mai fataucin albasa. A Kwatano aka haife ta, a Abijan ta girma. Faransanci a bakinta kamar ruwa, Hausa kuwa sai guntu-guntu. Uban ya kawo ta wurin kakarta, Ya Kaka, ta koyi harshe da al'adar gida, ya ce in bai ga alamar zamanta ba, bayan girbi zai ɗauke ta.

Da aka tashi, Shafi'i ya karɓi lambarta ya tura mata saƙo:

"Baƙuwata, kar dariyarsu ta dame ki. Gobe ki zo, in ba ki zo ba ni ma ba zan iya karatu ba."

Ta amsa: "Na gode Malamina. Zuciya na ciwo kaɗan. Ina zuwa."

To, daga nan fa aka kamu. Kullum sai ya rako ta gida yana nuna mata sunan komai, daga rumbu har zabi, ita kuma tana maimaitawa tana satar kallonsa. Ya ce mata bai taɓa jin Hausa mai daɗin tata ba, ta ce ƙarya haramun ce, Malamina.

Mahaifiyarsa Dela ta ji labari ta ce allambaran, ba za ta haɗa jini da wadda ba a san inda aka binne cibiyarta ba. Dama ta ajiye masa Bahijja, 'yar ƙanenta.

Bahijja kuwa, muguwa, sai ta ƙulla ƙawance da Zulaikha. Ta koya mata ɗaurin kallabi da durƙuso. Ranar wani suna a gidan Dela ta ja ta gefe ta ce, in tana son shiga zuciyar uwar Shafi'i, ta roƙe ta a gaban mata ta faɗi sunan ɗanta da bakinta. Shafi'i kuma ɗan fari ne. Tun da Dela ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce "wancan yaron". Kowace 'yar gari ta san wannan kunyar, baiwar Allah Zulaikha ce kaɗai ba ta sani ba.

Ta durƙusa tana murmushi ta ce, "Inna, don Allah faɗi sunan ɗanki na fari, ina so in ji."

Dela ba ta ko dube ta ba, ta ce, "Ku ɗauke tabarmar da ta zauna a wanke. Wannan ai kaya ce, a mota aka sauke ta, a mota za ta koma."

Bahijja ce ta fara dariya. Zulaikha ta fita ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Ta daina zuwa aji. Saƙo ɗaya ta tura: "Malamina, ka koya mini magana, ba ka koya mini shiru ba. Baba yana zuwa, zan bi shi."

Shafi'i ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce aikin Bahijja ne. Dela ta ce ta sani sarai, kuma ko a jikinta. Sai ya ce cikin ladabi zai auri Zulaikha ya bi su Abijan. Nan Dela ta hango jikokin da za su zo ba su iya gaishe ta ba. Ta ce ta amince, amma yarinyar a gidanta za ta zauna, kuma kar ta kuskura ta yi wancan yaren da kowa, ko da uwarta ce.

Da kunya Shafi'i ya kai wa Zulaikha sharaɗin. Sai ta ce, "Da wane baki zan yi wa ɗana waƙa?"

"A ɗakinmu, Baƙuwata, da bakinki duka. Ki yafe mini, iyakar ƙarfina ke nan."

Tana sonsa, ta yarda, tana kuka.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Washegari aka kai amarya gaban Dela, ta durƙusa ta jero gaisuwa tiryan-tiryan, babu tuntuɓe. Dela ta dube ta da kyau a karon farko ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana."

Mata suka amsa da amin. A daidai lokacin motar Malam Kaumi ta yi ham a ƙofar gida, za a koma Abijan. Mahaifiyar Zulaikha, wadda ta biyo shi don bikin, ta leƙo daga zaure, ta yi mata ban kwana da Faransanci, harshen da suka saba hira da shi. Kowa ya zuba wa amarya ido. Zulaikha ta buɗe baki, ta dubi Dela, ta rufe. Hannu kawai ta ɗaga wa uwarta.