Kwanon Gwaggo da Kwanon Inna

A wani zamani an yi wani mutum mai taƙama cewa ba wanda ya kai shi sanin ladabin baƙunci. Ranar Sallah ya je gaida surukansa, aka sauke shi a zaure.

Matarsa ta shigo da kwano biyu, ta yi ƙasa da murya ta ce, “Maigida, wainar nan ta Gwaggona ce, tuwon na Innata. Kowace Sallah sai sun yi rigima kan girki. Wadda kwanonta ya koma da saura mai yawa, ta daina amsa gaisuwarka ke nan.”

Ya janyo kwanukan gabansa. Ya ci waina, ya duba, tuwo ya fi yawa. Ya ci tuwo, ya duba, waina ta fi yawa. Gumi na zuba, yana ci yana aunawa, har kwanukan suka koma fes.

Da aka mayar da su cikin gida, sai ya kasa kunne. Can Gwaggo ta ce, “Ko loma bai rage wa yara ba?”

Inna ta ce, “Yau kam bakinmu ɗaya, Yaya. Surukin nan namu mayunwaci ne.”